Abin da Matattun Itatuwa ke Faɗa Game da Ƙasar Adar

Wanda ya tsaya a gindin tuddan da ke kewaye da ƙauyukan Garhanga, cikin gundumar Keita ta jihar Tawa, a tsakiyar watan Afrilu, da wuya ya yarda cewa ruwa ya taɓa yawa a wannan ƙasa. Sama fako ne da baƙar marmara, gangare tsakuwa ce zalla, sai geza da sabara da 'yar farar ƙaya nan da can. Ruwan saman da ake samu a shekara bai cika wuce milimita 300 zuwa 400 ba, shi ma cikin wata uku yake zuba ya ɗauke. Amma a jikin gangaren nan, inda ƙorama ta yanke ƙasa ta tona abin da ke ciki, ana tsintar ƙumba da katantanwa da wasu dunƙulallun halittun teku da suka zama dutse. Haka abin yake daga Keita zuwa Buza, har Madawa da Malbaza. Makiyayi da mai fasa dutse sun san su tun kafin wani masani ya ba su suna.

Ƙasar Adar wani yanki ce na wani makeken kwari da masana duwatsu ke kira Iullemmeden, da sunan Abzinawan da ke zaune a arewacinsa. Ya taso daga Mali, ya ratsa yammacin Nijar, ya gangara har Sakkwato da Kebbi. Bafaranshen nan Jacques Greigert ya wallafa cikakken bayanin duwatsunsa a 1966, a ɓangaren Najeriya kuma Cornelius Kogbe ya yi dogon aiki a kansu. Wani abin daɗi shi ne sunayen da aka raɗa wa hawa-hawan duwatsun namu ne: akwai rukunin Majiya, da hawan Farin Dutsi, da na Garadawa, da na Adar Dutsi wanda ya rufe su daga sama. Waɗannan hawa sun nuna cewa daga ƙarshen zamanin manyan ƙadangarun da ake kira dainoso, wanda ya ƙare shekara miliyan 66 da suka wuce, zuwa wajen shekara miliyan 50, wani teku marar zurfi ya riƙa shigowa yana komawa ta tsakiyar inda Sahara take a yau. Farin dutsen da ake ƙonawa a yi siminti a Malbaza da Kalambaina ta Sakkwato a ƙarƙashin wannan teku ya kwanta. Sai dai ƙumba labarin ruwan gishiri kawai take bayarwa. Ba za ta gaya maka ko damina na daɗewa a kan tudu ba, ko ana hunturu, ko ƙasar kurmi ce ko fili. Mai wannan amsa shi ne tsiro, kuma a ganina cikin duk shaidun da ƙasa ta adana babu wanda ya kai shi cancantar a saurare shi, muddin an san yadda ake yi masa tambaya.

Dalilin kuwa kowane manomi ya san shi. Dabba tana da ƙafa, in fari ya matsa ta yi kudu, in damina ta faɗi ta dawo. Itace inda ya tsiro nan zai rayu ko ya mutu, saboda haka jikinsa duka an gina shi ne daidai da ruwa da zafin wurin. Ba'adare da ya ga giginya ya san ruwa na kusa a ƙarƙashin ƙasa, da ya ga aduwa ya san wurin na jure ƙishi, kuma matafiyin da ya taso daga Tawa ya nufi Gaya ba ya bukatar ma'aunin ruwan sama kafin ya gane ya shiga ƙasar da ta fi tasa damina, kaɗanya da ɗorawa sun ishe shi. Masanin burbushin tsirrai wannan karatun yake yi, illa dai itatuwansa sun daɗe da mutuwa. Tunanin ma ba sabo ba ne. A 1088 wani malamin ƙasar Sin, Shen Kuo, ya rubuta cewa an ga abin da ya ɗauka gora ce da ta zama dutse a gaɓar wani kogi a arewacin ƙasarsu, inda gora ba ta tsiro saboda ƙarancin ruwa, sai ya ce lalle wurin ya taɓa zama mai laima. Kafin shi Ibn Sina ya yi bayani a kan yadda halittu ke rikiɗa su zama dutse, Biruni kuma ya kafa hujja da ƙumbar da ake tonowa cewa wasu filayen da ake takawa a da teku ne.

Itace yana zama dutse ne idan yashi ko laka suka binne shi da sauri, iska ba ta samu ta ruɓar da shi ba, sannan ruwan ƙarƙashin ƙasa mai ɗauke da sinadarin silika, wato asalin yashi, ya riƙa tsiyaya cikinsa yana cike kowane ɗan gurbi. Bayan dogon zamani sai a sami gungume mai nauyin dutse amma da siffar itace, har da gaɓoɓi da wurin reshe. Irin waɗannan gungumai suna kwance a fili a gabashin wannan kwari, wajen Ingal da Marandet da gangaren Tigidit, cikin duwatsun da suka haura shekara miliyan 100, kuma ana samun gutsattsarinsu a duwatsun Gundumi na ƙasar Sakkwato. Édouard Boureau na birnin Faris ya shafe shekaru yana nazarin itatuwan Sahara irin waɗannan. Yadda ake yi shi ne a yanko ɗan yanki, a goge shi har ya yi sirantar da haske ke ratsa shi, a sa a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Nan za a ga hanyoyin da ruwa ke bi daga saiwa zuwa ganye. Itacen da ke cikin wadatar ruwa da zafi yakan yi hanyoyi masu faɗi, na ƙasar fari ko sanyi yakan yi ƙanana masu yawa don kada iska ta shiga ta toshe su. Za a kuma duba zobban da ke cikin gungumen, domin itacen da ke tsayawa da girma a rani ya ci gaba a damina yana barin alama kowace shekara, wanda kuwa bai san rani ba zobbansa ba sa fitowa sosai. Da yawa daga cikin tsofaffin gungumen Sahara na dangin itatuwa marasa fure ne da ake kira konifa, masu tsawon gaske, kuma suna cikin yashin da manyan koguna suka shimfiɗa. A irin wannan yashin ne, a Gadufawa, aka tono ƙaton kadan nan Sarcosuchus mai tsawon kusan mita 10. Itace da kada sun yi baki ɗaya: ƙasa ce mai zafi da koguna masu gudu, a inda yau raƙumi kan kwana bai ga rijiya ba.

Amma shaidar da ta fi kusa da duwatsun Garhanga ido ba ya ganinta. Bununi ce, irin ƙurar nan da ke tashi daga kan gero in ya yi fure. Kowane irin tsiro da siffar bununinsa, wani mai ƙaya, wani mai tsaga, wani mai ramuka, kuma ɓawonsa yana da taurin da zai kwana miliyoyin shekaru cikin laka bai lalace ba. Tun 1916, lokacin da Lennart von Post na ƙasar Suwidin ya nuna cewa ana iya ƙirga bununi hawa-hawa a karanta tarihin daji, wannan fanni ya zama ginshiƙi. Ana ɗaukar ɗan baƙin yumɓu daga rijiyar burtsatse, a narkar da shi da ruwan asid, abin da ya rage a ƙirga. A duwatsun Afirka ta Yamma na zamanin wancan teku, har da na wannan kwari, bununin dangin giginya da goriba ne ya yi yawa ƙwarai. Cikinsu akwai na wani tsiro da ake kira nipa, wanda labarinsa ya isa a tsaya a kansa. Nipa ba ya da doguwar gangar jiki, ganyensa daga cikin taɓo yake fitowa, kuma ba ya rayuwa sai a bakin teku mai ɗumi inda ruwan kogi ke gauraya da na gishiri. A yau asalin mazauninsa kudanci da kudu maso gabashin Asiya ne zuwa arewacin Ostareliya. Ya ɓace daga Afirka tun da daɗewa, har sai da Turawan mulkin mallaka suka kawo shi Kalaba a 1906, inda yanzu ya bazu yana cinye kurmin gaɓar tekun Najeriya. Samun bununinsa a tsohon yumɓu yana faɗin abu uku a lokaci guda: akwai gaɓar teku, akwai kogunan da ke kawo ruwan daɗi, kuma babu sanyi.

Kwal ma tsiro ne. Wanda aka gano a Salkadamna, arewa maso yammacin Tawa, ragowar ganye da saiwa ne da suka taru cikin fadamar da ba ta bushewa, domin in ta bushe ko na 'yan shekaru ne gara da ruɓa za su cinye komai. Ita kuma marmarar da ta rufe kan tuddan Adar ta ƙara wa maganar ƙarfi, don ƙarfe ba ya taruwa haka sai inda ruwa mai yawa da zafi suka daɗe suna wanke ƙasa. Ganye, in an yi sa'a ya bar hotonsa a laka, shi ma yana magana. A 1915 Bailey da Sinnott na Amurka suka lura cewa a ƙasashe masu zafi yawancin itatuwa gefen ganyensu sumul yake kamar na mangwaro, a masu sanyi kuwa mai haƙora-haƙora ya fi yawa, har aka mai da wannan ma'aunin zafi. Girman ganye kuma ruwa yake nunawa, ka kwatanta na ayaba da na bagaruwa.

Mai hankali zai ce, to, ai ruwa na ɗaukar gungume ya kai shi nesa, iska kuma na kwasar bununi ta tsallaka ƙasashe da shi, ta yaya za a ce a nan suka tsiro? Wannan tambaya ce mai nauyi, kuma akwai wata da ta fi ta. Tsiro ba ya adanuwa sai a wuri mai laima, cikin taɓo ko ƙarƙashin tabki. Abin da ya tsiro a kan fako ya mutu ya bushe, iska ta watsar. Ke nan littafin da ƙasa ta rubuta yana da son kai, fadama yake fifitawa. Wanda zai zo bayan shekara miliyan ya tona kwarin Majiya kaɗai zai ga alamar albasa da rake da mangwaro, ya zaci Adar duka lambu ce. In ya gamu da dogon yaron da aka jera a kwarin don tare iska tun daga 1975, zai iya ɗauka ɗan ƙasa ne, alhali daga Indiya aka kawo shi. Gawo kuwa zai fi ruɗa shi, itacen da ke zubar da ganye da damina ya yi kore da rani. Duk wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa masanin kirki ba ya yanke hukunci da tsiro guda, tsinke ɗaya ba ya shara. Yana neman kututturen da ke tsaye da saiwarsa cikin ƙasar da ya tsiro, yana duba ko gungumen ya goge irin gugar abin da ruwa ya jawo daga nesa, yana bambanta bununi mai nauyi da ke faɗuwa kusa da uwarsa da mai tashi sama, sannan ya gwada abin da tsirrai suka ce da abin da yumɓu da ƙumba da ƙashi suka ce. Idan shaidu huɗu da ba su san juna ba suka faɗi magana ɗaya, alƙali na da hujjar karɓa. Abin da ya kamata a guje shi ne zarce gona da iri, a ce Adar duka ta taɓa zama kurmi mai duhu. Abin da shaidar ta tabbatar shi ne gaɓar teku mai ɗumi da fadamu da koguna, a bayansu kuma ƙasa mai ruwa fiye da na yau nesa ba kusa ba.

Wani kuma miliyoyin shekarun ne ke tsaya masa a wuya, ya ce wa ya ƙirga? Ba ƙirgen baki ba ne. Yuraniyom, irin wanda ake haƙowa a Arlit, yana rikiɗa ya zama dalma a hankali bisa wani ƙayyadadden gudu da aka auna, zafi ko sanyi ba su canja shi. In aka sami tokar dutse mai aman wuta tsakanin hawa biyu, yawan dalmar da ta taru cikin ƙwayoyinta yana ba da shekarunta. Da yake kowane zamani da irin ƙananan halittun tekunsa, in an auna shekarun wani hawa a wata ƙasa, aka kuma ga halittunsa sak a Garadawa, an san sa'o'in juna ne. Hawan da kansu ma sun nuna ba aikin ambaliya ɗaya ba ne. Za ka ga yumɓun teku, a kansa yashin gaɓa da ramukan da ƙananan dabbobi suka haƙa suka zauna, a kansa kuma teku ya sake dawowa. Kowane ɗaya yana bukatar zamani mai tsawo na zaman lafiya kafin na gaba ya rufe shi.

Ƙalubalen da ya fi duka ƙarfi shi ne na masu cewa ƙasar ce ta yi tafiya. Nahiyar Afirka tana matsawa arewa da 'yan santimita kaɗan a shekara, kuma a zamanin wancan teku Adar ta fi kusa da tsakiyar duniya inda ruwa ya fi sauka. Kwal ɗin Anu Araren da ke ba Agadas da Arlit wuta ya ma fi nuna haka, don ya haura shekara miliyan 300, lokacin da nahiyar ke can kudu sosai. Saboda haka wani kaso na canjin tafiyar ƙasa ce, babu musu. Amma ba ta isa ta bayyana komai ba. An tono 'ya'yan nipa a yumɓun da birnin Landan ke kai, kuma a tsibirin Axel Heiberg na Kanada, kusa da ƙarshen arewacin duniya, akwai kututturan wani daji mai shekara kusan miliyan 45 a tsaye inda suka tsiro. Duniyar ce gaba ɗaya ta fi zafi a lokacin. Sannan ga abin da ya faru jiya-jiya, in an auna da shekarun dutse, lokacin da nahiyar ba ta gusa ko'ina ba. Wajen shekara 20,000 da suka wuce hamada ta gangaro kudu har ƙasar Kano, kuma jigawar da ake shuka gero a kanta a yau tsofaffin tuddan rairayinta ne da suka kwanta. Daga wajen shekara 11,000 zuwa 5,000 da suka wuce sai abin ya juye, Sahara ta yi ciyawa da tabkuna, mutanen Gobero suka kama kifi a hamadar Tenere, wasu suka sassaƙa raƙuman dawa a dutsen Dabus. Bununin da aka ciro daga tabkin Tila na ƙasar Biu da kwaruruwan Manga na jihar Yobe ya nuna itatuwan kudu sun hauro arewa, na tabkin Yowa a arewacin Chadi kuma ya nuna yadda ciyawar ta riƙa ja da baya sannu a hankali cikin shekara 6,000. Sanadin wannan shi ne ɗan layin da duniya ke yi yayin da take kewaya rana, wanda ke zagayowa duk bayan shekara dubu 20 da 'yan kai, yana ƙara wa iskar damina ƙarfi ko ya rage.

Daga nan ne wasu ke zamewa su ce, tunda yanayi ya saba canjawa tun babu mutum, me ya sa ake ɗora wa hayaƙin masana'antu da saran itace laifin abin da ake gani yanzu? Wannan ita ce fassarar da na fi jin tsoro, domin ta ɗauki shaidar gaskiya ta kai ta inda ba ta nufa ba. Burbushin tsirrai bai ce yanayi na canjawa haka siddan ba, ruwa ba ya tsami banza. Kowane juyi da sanadinsa, kuma ɗaya daga cikin manyan sanadan shi ne yawan iskar kabon a sama, abin da ganye da kansa ke rubutawa. A 1987 Ian Woodward ya nuna cewa ƙofofin numfashin da ke jikin ganye suna raguwa in iskar ta ƙaru, kuma da wannan ake kimanta yawanta a zamanin da. Shekara miliyan 56 da suka wuce, kusa da lokacin da farin dutsen Garadawa ke kwanciya, kabon mai yawa ya fita sama, zafin duniya ya ƙaru da digiri 5 ko fiye. Ganyen da aka tono a Wayomin ta Amurka ya nuna tsirran wurin sun kau, na kudu masu jure zafi da ƙishi sun maye gurbinsu, kuma sai da aka shafe fiye da shekara dubu 100 kafin abubuwa su daidaita. Wancan kabon cikin dubban shekaru ya fita. Namu kuwa ya tashi daga kashi 280 cikin miliyan kafin zamanin injuna zuwa fiye da 420 a yau, cikin ƙasa da shekara 300. Daji yana iya ƙaura in an ba shi shekara dubu goma, iri na faɗuwa gaba kaɗan-kaɗan. Mai gona a Garhanga ba shi da shekara dubu goma, kuma ba shi da wata gonar a kudu da ke jiransa.

Haka nan bai kamata a haɗa wannan tsohon tarihi da abin da dattawan Adar ke tunawa ba. In tsoho ya ce a ƙuruciyarsa gangaren nan duhu ne da itace, ba zamanin nipa yake nufi ba, yana maganar shekarun da suka gabaci farin 1973 da na 1984 ne, da gatarin da ya biyo baya. Tekun ba mai dawo da shi, amma wancan dajin na dattawa an gwada an ga yana dawowa. Aikin raya karkara na Keita da aka fara a 1984 da kuɗin Italiya da hannun hukumar FAO, wanda mata suka ɗauki mafi yawan wahalarsa, ya jera duwatsu a kan fako, ya haƙa ramukan tare ruwa, ya dasa miliyoyin itatuwa, kuma wuraren da aka fid da rai da su sun sake yin ciyawa. Duwatsun da matan suka ɗauka a ka suka jera, marmarar Adar Dutsi ce da farin dutsen tsohon teku.

Akwai hasarar da ake yi kullum ba a lura ba. Burbushi yana da daraja ne in an san ainihin inda aka ɗauke shi da hawan da ya fito. Gungumen da aka fasa aka sayar wa baƙo, ko aka ɗora a kan tebur don ado, ya zama shaidan da ba a san garinsu ba, maganarsa ba ta shiga shari'a. Kowace rijiyar burtsatse da ake haƙawa a Keita da Buza da Madawa tana fito da yumɓun da bai taɓa ganin rana ba, a zubar a gefe ruwa ya tafi da shi, alhali cikin cokali ɗaya nasa ana iya samun bununi dubbai. Sashen ilimin duwatsu na Jami'ar Abdu Mumuni da ke Yamai yana da masu iya karanta shi, gidan tarihi na Bubu Hama kuma yana da wurin ajiya. Abin da ake bukata daga mai haƙa rijiya ko malamin makarantar ƙauye bai wuce leda mai tsabta ba, da takardar da aka rubuta sunan wurin, da zurfin mita nawa, da ranar da aka ɗiba.